Tafiyata Balin don jin baibrafon da marimba

Daga Hamburg zuwa Balin a jirgin ƙasa na ICE bai cika awa biyu ba, kuma hanyar ba wani abin kallo sosai, fili ne shimfiɗaɗɗe sai gonaki sai fankokin nan na samar da wuta suna ta juyawa cikin hazo. Watan Nuwamba ne, kafin ƙarfe biyar duhu ya rufa. Abun da ya tashe ni waya ce daga wani yayana ɗan Jos da ya daɗe a can, yace "ƙanena in dai da gaske kake son jaz to ka taho ran Asabar, akwai yara biyu da za su buga baibrafon da marimba su kaɗai, ba ganga ba jita ba komai."

A babbar tashar Hauptbahnhof ya tare ni, muka hau S-Bahn, jirgin ƙasan cikin gari, muka wuce Zoologischer Garten muka sauka Savignyplatz, muka tsaya shagon wasu Turkawa muka ci doner, wato gasasshen nama cikin burodi, da shayi mai zafi saboda sanyin ya fara shiga ƙashi. Gidan kiɗan ɗan ƙarami ne, kujeru a matse, mu kuma Allah ya taimake mu muka samu na gaba, har ina iya ganin zaren da aka naɗe kan sandunan kiɗan da shi.

To daga nesa za ka ɗauka abu ɗaya ne aka ajiye guda biyu suna fuskantar juna, amma da ka matso sai ka ga bambanci. Baibrafon sandunansa na alminiyam ne, ƙarƙashin kowanne akwai bututu, a bakin bututun akwai ɗan faifai da wani ƙaramin inji ke juyawa, shi ke sa sautin ya riƙa rawa wuu wuu wuu, sannan ga feda a ƙasa da ake takawa in ana so sautin ya ci gaba da tafiya. Ita marimba katako ce zalla, jan katako mai nauyi, ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba, tana haura mita biyu, katakan can ƙarshen hagu faɗinsu ya kai tafin hannu kuma muryarsu a ƙirji kake jin ta. Sai dai da ka buga ta sautin ya mutu nan take, ba feda ba inji, in kana son ya daɗe dole ka yi ta kaɗa sanduna da sauri a kan katako ɗaya.

Saurayi ne a kan baibrafon, budurwa a kan marimba, kowa da sanda huɗu, biyu a kowane hannu. Wallahi abun da ya kama ni shi ne yadda suka raba aikin, ita hannunta na hagu yana can ƙasa yana riƙe da tafiyar kiɗan wato aikin da mai bes, jitar nan mai kaurin murya, da mai ganga za su yi, shi kuma yana sama yana jan waƙar yana barin sauti ya daɗe, wani lokacin ya buga ɗaya sai ya danne na baya da kan sanda a hankali don kar su cakuɗe, sai kawai ba sanarwa ba komai su yi musaya, ita ta haura sama da gudu shi ya koma yana ba ta ƙasa. Akwai inda suka shiga junansu sosai kamar mata biyu na lugude a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, ba wanda ya taka wani. A ganina wannan haɗin ya fi baibrafon biyu daɗi, don ƙarfe biyu in suna ta amsawa tare kunne gajiya yake, katakon ne ke buɗe wa ƙarfen wuri.

A hutun rabin lokaci Yaya ya ba ni tarihin. Yace waɗanda suka yi suna da wannan salon Amurkawa ne biyu, David Friedman da Dave Samuels, suka kafa Double Image a 1977, da farko su huɗu ne har da mai bes da mai ganga, kamfanin ECM na Jamus ya fitar musu da faifai a 1979, daga baya suka koma su biyu rak. Samuels ya daɗe yana kiɗa da ƙungiyar Spyro Gyra, ya rasu a 2019. Shi kuwa Friedman nan Balin ya dawo da zama, ya koyar da jaz shekaru masu yawa a jami'ar fasahar zane da kiɗa ta birnin, har littafi ya rubuta a kan dabarar danne sauti da taka feda ɗin nan da na ga yaron yana yi, shi yasa ba mamaki ka ci karo da irin wannan kiɗan a garin.

Da aka dawo yarinyar ta fara ita kaɗai da katakan ƙasa, Yaya ya dafa ni yace "ka ji kundung ko?" Kundung na Birom yake nufi, na katako da ake jera ƙahonin shanu a ƙarƙashi, wanda ya taso yana ji a bukukuwa a Filato. Ba daidai suke ba, marimbar zamani ta Amurka ta Tsakiya ta biyo, a Gwatamala ma ita ce kayan kiɗan ƙasa, amma dangantakar da balafon na Mali da gyil na Dagara a arewacin Ghana masu ƙwarya a ƙarƙashi kunne ma ya isa ya gaya maka.

Bayan an tashi mun tsaya mun taya su kwashe kaya, ashe marimba sai an kwance ta gaba ɗaya kafin ta shiga mota, katakan a naɗe su cikin bargo, bututun daban, ƙafafu daban. Yaya ya nuna wa yarinyar bidiyon kundung a wayarsa, ta tsaya cikin sanyin nan ta kalla har ƙarshe, ta sake mayarwa baya, tana ta tambayarsa yadda ake zaɓen ƙahon da zai dace da kowane katako, da haka har muka kusa rasa jirgin da zai kai mu gidansa a unguwar Wedding.