Kwana huɗu a ƙauyukan Madarumfa

Jiya da la'asar muka shigo Maradi, har yanzu ƙurar hanya ba ta gama fita kunnena ba. Masu anket ɗin lafiya, wato binciken lafiyar jama'a, ne suka ɗauke ni cika takarda, su kuma suna gwajin sida da tansiyon (awon hawan jini) da ciwon suga.

A wani shinge wani mai kaki ya tsare mu cikin rana yana ta jujjuya kwalin kayan gwaji, takardarmu ma bai buɗe ba, wai mu ne masu kwasar jinin talakawa. Raina ya ɓaci wallahi, ɗigo ɗaya fa ake ɗauka a ɗan yatsa.

Amma gidan mai gari ya wanke mini zuciya. Uwargidansa ta kawo fura da nono cike da ƙwarya, na laluba aljihu ta ce "ɗana, mayar da kuɗinka, baƙo ba ya sayen fura gidan nan". A Maradi wannan ƙwaryar sai ka aje dala ɗari kuma rabinta ruwa. Kaza ma jika biyu na saya, wadda a babbar kasuwa ko kallonta ba zan yi ba don tsada.

Da aka ce sida kowa ya ja baya, maza suka tsere gona. Sai da majo, babban ma'aikacin asibitin, ya yi bayani cewa sakamako sirri ne tsakaninka da shi, magani kuma kyauta, kuma binciken ƙasa na 2012 ya nuna mutum 4 ne cikin 1000 ke ɗauke da ita. Mata suka fara zuwa, don su sun saba da gwajin wurin awon ciki.

Abin da ya tsaya mini a rai na'urar tansiyon ce, wadda ba mai tsoronta. Majo ya ce daga 14/9 an shiga hawan jini, sai ga wani dattijo ya zauna kan tabarma yana dariya ta nuna 19/11. Aka sake, haka. Na ce Baba ba ka jin komai? Ya ce ciwon ƙeya ne kawai, yana sayen ƙwaya wurin mai tebur. Wansa na kwance cikin ɗaki ɓarin jiki ya shanye, gidan duk sun ce iska ce ta buge shi. Kuma maganin hawan jini saye ake, kullum ake sha har ƙarshen rai, manomin da ke jiran kaka ina zai samu na wata goma sha biyu? Mai sida ma da magani ya tsawaita kwanansa wannan ciwon na jiransa gaba.

Sauran ƙauyukan muka bi su a gurguje, mota ta kafe sau biyu cikin yashin gulbi, tabkin Madarumfa ma ta taga na gan shi.

Yau da safe na ɗauki Inna a kabu-kabu na kai ta awo. Nata 15/9, an ce ta rage gishiri da magi ta dawo bayan sati biyu.