Wasiƙa daga Long Beach: Filin Bakin Teku, na Jiha ko na Birni?

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina rubuto muku ne daga Long Beach, wani birni a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, kan wata taƙaddama da ta girmi kusan kowa a garin: wa ke da ikon ba da hayar filin bakin teku, kuma asusun wa kuɗin zai shiga?

Filin da ake magana shi ne wanda ruwa ke rufewa idan teku ta cika, ya bayyana idan ta janye, haɗe da ƙasar da ke ƙarƙashin ruwa kusa da gaɓa. Tun 1850 da Kalifoniya ta zama jiha, wannan fili nata ne, sai dai riƙon amana take yi wa jama'a, domin sufurin jiragen ruwa, kasuwanci da kamun kifi. A 1911 majalisar dokokin jiha ta damƙa wa Long Beach yankinta, bisa sharaɗin ta gina tashar jiragen ruwa, ta ba da haya, abin da ya fito kuma a kashe shi a bakin ruwan. Kamar waƙafi ke nan, mai kula da shi yana juya shi amma ba ya ci.

Lokacin da filin laka ne zalla, ba wanda ya ɗaga murya. Sai a shekarun 1930 aka tarar da ɗanyen mai jibge a ƙarƙashinsa, a abin da ake kira filin mai na Wilmington. Kuɗi suka riƙa kwarara fiye da abin da tashar za ta iya cinyewa. A 1951 majalisa ta yarda birnin ya ɗebi rabi ya yi ayyukansa na cikin gari. Ba a je ko'ina ba, a 1955 Kotun Ƙolin jihar ta ce ba ta saɓu ba: kuɗin da aka cire daga amana na duk mutanen Kalifoniya ne, miƙa su ga birni ɗaya kyauta ce da tsarin mulkin jihar ya hana. Daga nan aka shiga rabo, kuma dokar 1964 ta ƙara wa jiha kaso.

A takarda kotun ta yi daidai. Abin da ke ci mini rai shi ne, a daidai waɗannan shekaru garin nutsewa yake yi. Tsotse man da aka yi ya sa ƙasa ta zauna, har wani wuri a tsibirin Terminal ya yi ƙasa da kusan ƙafa 29, wajen mita 9. Bututu suka fashe, ruwa ya riƙa hawa matsayar jiragen ruwa, sansanin gyaran jiragen sojan ruwa ya shiga haɗari. Sai da aka koma ɗura ruwa cikin ƙasa daga ƙarshen shekarun 1950 kafin abin ya lafa. Mutumin Sakramento, babban birnin jiha, ya samu rabonsa ƙafarsa a bushe. Wanda ruwa ya shigar wa gida, ina ganin ya cancanci ya fi kowa ƙarfin murya wajen sa hannu a takardar haya.

Kuma inda aka ba birni murya, an ga amfaninta. Da aka zo haƙar man da ke ƙarƙashin ruwa a gaban gari, tsibirai huɗu aka gina tun daga 1965, aka rufe injinan da bango masu ado da itatuwa, don kada su ɓata wa mazauna gari gani da ji. Baƙo yakan ɗauka otal ne.

Amma kada ku ce hannun gida ba ya ɓarna. A 1967 birnin ya sayi tsohon jirgin ruwan Ingila, Queen Mary, kan dala miliyan 3.45 daga kuɗin bakin teku. Gyaransa ya ninka kuɗin sayensa sau da yawa, har yau kuma ana ta zuba masa. Shi ya sa ba na ƙin sa idon hukumar filayen jiha, wadda aka kafa a 1938, mai mambobi uku: mataimakin gwamna, mai kula da asusun jiha da daraktan kuɗi. Ita ke ba da haya a wuraren da ba a damƙa wa birane ba, tana kuma duba littattafan waɗanda aka damƙa wa.

Mu ma mun san irin wannan shari'a. A 2002 Kotun Ƙolin Nijeriya ta ce iyakar jihohin bakin teku ta tsaya inda ruwa ke janyewa, sannan dokar 2004 ta ba su kason kashi 13 cikin ɗari na kuɗin man da aka haƙo a teku har zuwa zurfin mita 200. Mu kan kaso muka yi ta jayayya. Nan kuwa, bayan kaso, doka ta faɗi abin da aka halatta a kashe kuɗin a kai, kuma ɗan gari na iya kai ƙara idan an karkatar.

Yanzu man ya ja baya, magana ta koma kan wanda zai biya kuɗin toshe rijiyoyin da kwashe kayan da ke tsibiran. Jiha da birni kowa na tara nasa, kowa kuma na duban hannun ɗan'uwansa.

A gaida mutanen gida.

Naku,
ɗan'uwanku a Long Beach