'Yan matan kurket sun ba ni kunya

Yau ƙanwata ta miƙo min waya, ta ce, "Yaya, kalli waɗannan." Ashe wasan kurket ne, wato wasan buga ƙwallo da sanda, na 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19, ranar da suka doke New Zealand da tazarar maki 2 kacal a Malesiya a 2025.

Gudun nan ne ya tsaya min a rai. Yarinya da hular kwano, ƙafafu ɗaure da kariya har gwiwa, ga sanda a hannu, ta sheƙa kusan mita 18, ta juyo a guje ta sake. Ni da kullum nake cewa kurket wasan tsaye-tsaye ne, ɗazu bene hawa biyu kawai na hau sai da na dafa bango ina haki. Wallahi jikina ya mutu ban sani ba.