Wasiƙa daga Minesota: ranar da aka kira ni makarantar su Abba

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kuna lafiya, ya hidima ya yara. Mu nan Minesota ƙanƙara ta fara zuba, kafin ƙarfe biyar gari ya riga ya yi duhu.

Tun da na faɗa muku na sa Abba a makarantar da ake koyarwa da Sifaniyanci tambayar da kuka fi yi min ita ce wai in yaro ya yi rashin ji ya ake yi da shi tunda ba a duka. To yau zan ba ku amsa, don abin ya zo kaina.

Irin makarantun nan ana ce musu cata. Kuɗin gwamnati ne, ba ma biyan ko sisi, amma ba hukumar ilimi ta gunduma ke riƙe da su ba, kowace tana da kwamitinta, kuma tana aiki ne a kan yarjejeniya ta 'yan shekaru wadda in ba ta yi abin kirki ba sai a ƙi sabuntawa. Jiharmu ce ta fara yin dokarsu a duk Amurka a 1991, ta farko kuma, City Academy, aka buɗe ta a St. Paul a 1992. Wasu daga cikinsu sai suka ɗauki tsarin tsunduma yaro cikin wani harshe tun daga ajin farko, akwai ta Jamusanci a St. Paul tun 2005, akwai Yinghua Academy ta Sinanci da aka buɗe a 2006, yanzu tana Minneapolis, na Sifaniyanci kuwa suna da dama. Lissafi, kimiyya, har "zauna" da "yi shiru" duk da wannan harshen ake yi. In masu nema sun fi kujeru yawa ƙuri'a ake jefawa, mu ma haka muka samu.

Wata uku da shigar Abba aji ɗaya sai saƙo ya fara shigo min a waya, yau ya ƙi zama a kan darduma lokacin karatu, gobe ya shige ƙarƙashin tebur, rannan kuma aka ce ya ture wani yaro a layin cin abinci har goshinsa ya kumbura. Wallahi ranar jikina rawa yake yi, ina tuƙi ina cewa yaron da ko a gida ba ya ɗaga wa kakarsa murya a waya shi ne zai zubar min da mutunci. Na tarar da shi a ofis a kan wata 'yar kujera, jakarsa a cinya, takalmi ɗaya a kwance, ya ƙi kallona. Malamarsa ta fito da wata takarda da ta rinƙa rubuta lokacin da yake yin kowace fitina, sai ga shi kusan duka bayan cin abincin rana ne. Ta ce min yaro ɗan shekara shida da ya wuni yana ƙoƙarin gane magana da harshen da ba nasa ba, zuwa azahar kansa ya cika, wani ya yi kuka, wani ya yi barci, wani ya yi faɗa. Na yi shiru ina lissafi, Hausa a gida, Turanci a unguwa, Sifaniyanci a aji, ga Larabcin allo ranar Asabar da Lahadi.

Amma abin da ya sa na riƙe matar nan da daraja shi ne ba ta mayar da wannan uzuri ba. Ta durƙusa daidai tsayinsa, ta ajiye Sifaniyanci gefe ta yi masa magana da Turancin da yake ji sarai, ta ce gajiya daban ture mutum daban. Aka kira yaron da ya ture, Abba ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya ba da haƙuri, kuma sati guda kullum ana ba shi kati mu sa hannu ni da babansa. A gida ni kuma na maimaita masa da Hausa, na ɗauke kallon talabijin sati biyu, babansa ya sa shi ya zana wa yaron hoto ya kai masa. Ba zan ce muku ya zama waliyyi ba, amma tun daga nan hannunsa bai sake taɓa ɗan kowa ba.

A wurin na tuna namu zamanin. Mu ma ai tsunduma mu aka yi cikin Turanci, sai dai da bulala, monita na rubuta sunan duk wanda ya yi banakula, a zane ka don ka yi Hausa alhali ko laifinka ba ka gane ba tunda da Turancin aka faɗa maka. Yara nawa muka sani da aka yi wa laƙabin daƙiƙai ko marasa ji, nan kuwa ba su fahimci me malam ke cewa ba ne kawai. Abin har yau yana ci min rai.

Kar ku ɗauka komai lafiya lau ne nan ɗin. A ajin nasu akwai wani yaro da ya yi watanni yana dukan yara, yana jifa da kujera, har sau biyu ana fitar da duka ajin waje a bar shi a ciki sai ya huce. Mu iyaye muka yi ta tambaya, amsar makarantar ɗaya ce, wai suna bin matakai. Akwai dokar tarayya ta 1974 da ta hana makaranta faɗa maka bayanin ɗan wani, wannan na yarda da ita, ni ma ba zan so a baza sirrin Abba ba. Sannan a 2023 jiharmu ta taƙaita korar yara 'yan ƙasa da aji huɗu zuwa gida, sai an gwada wasu hanyoyi kuma ana tsoron za a ji wa wani rauni. Ita ma ban ƙi ta ba, ɗan shekara shida in ka kore shi gida me ya koya? Abin da ya ɓata min rai shi ne yadda shugabannin makarantar suka fake da dokokin nan suka bar malama ita kaɗai da yara fiye da ashirin, ba mataimaki. Kuma a irin wannan aji ɓarnar ninki biyu ce, don duk lokacin da rikici ya tashi dole ta koma Turanci, sai a wuni ba a yi Sifaniyancin da muka kawo yaran dominsa ba. Ga shi samun malamin da ya iya harshen kuma yake da lasisin koyarwa ba ƙaramin aiki ba ne, in ta gaji ta tafi sai an sha wuya kafin a maye gurbinta. Shi kansa yaron taimako yake buƙata, an ƙi kawo masa da wuri.

Da yake doka ta ce zaman kwamitin makarantar a buɗe yake ga kowa, kuma a cikinsa dole akwai malami da ɗaya daga cikin iyaye, sai muka haɗu mu bakwai muka je, har da wata 'yar Somaliya da wani ɗan Mekziko da ya taso daga aikin dare. An ba kowa 'yan mintuna. Na ce musu an sa ɗana ya tsaya gaban wanda ya zalunta ya amsa laifinsa kuma na gode, yanzu ina so manya su ma su tsaya gabanmu su faɗa mana wa ke shiga ajin nan in abu ya faru da kuma cikin minti nawa. Muryata na rawa amma na gama.

Bayan sati uku aka kawo mataimakiya, rabin wuni kawai, mu cikakken wuni muka nema. Zama na gaba a watan Janairu ne kuma in Allah ya kai mu zan koma, na ma fara tunanin tsayawa takarar kujerar iyaye. Ku gaida kowa da kowa, Abba yana gaida kakanninsa, jiya ya koya wa ƙanwarsa ƙirge har ashirin da Sifaniyanci.

Taku,
Maman Abba