Fijo mai ƙofa biyu da gangaren Falez

Motar kawuna ce. Tun ina yaro nake ganinta a gindin darbejiyar ƙofar gidansa a nan Garwa, an lulluɓe ta da tsohon tampol, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Peugeot 504 ce amma ba irin wadda kowa ya sani ba, ba salun ba ce ba kuma doguwar nan da ake lodin fasinja da ita zuwa Marwa ba, wannan ƙofa biyu gare ta, kupe ake ce mata. Ƙirar 1973, fitilu huɗu a gaba, na baya kuma uku-uku a karkace kamar tsagen fuska. Shi ma a hannun wani Bafaranshe mai aikin auduga ya saye ta lokacin da mutumin zai koma gida. Da ciwon ƙafa ya hana kawu tuƙi sai ya ajiye ta, shekara 11 ba ta motsa ba. Ranar da na roƙe shi ita bai ja magana ba, cewa kawai ya yi, "ɗana ɗauka, amma in ka san sayarwa za ka yi to ka bar min ita a inda take."

Sai da ta zo hannuna na fara bin tarihinta. A 1969 aka fara fito da irinta, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta kuma shi yake ƙera bodin, sannan a kai Faransa a ɗora inji, har zuwa 1983 da aka daina. Abin da ya fi shiga kaina shi ne a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya da irin wannan kupen, ya kuma ci na Bandama a Kwaddebuwa a shekarar, sai dai tasa mai silinda shida ce tawa kuwa huɗu, lita biyu. Tun daga ranar ban da gudu da kyau babu abin da nake tunani, kuma nan ne na fara kuskure. Kuɗin farko da na tara duk a fenti ya tafi, da ɗinkin kujeru, da wata salansa mai ƙara. Mota ta fito tana sheƙi, duk wanda ya gani sai ya tsaya, amma cikinta yana nan yadda shekara 11 ta bar shi.

Wani dattijon makanike ne ya dawo da ni hanya, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa a kan Fijo tun zamanin 404. Ya zagaya ta sau ɗaya bai ko taɓa fentin ba, ya buɗe bonet ya matsa tiyon ruwa da yatsa biyu sai ga shi ya tsage a hannunsa. Ya ce "ɗan nan, an yi motar nan ne don ƙasar sanyi, kai kuma Garwa kake, je ka nemo kuɗin roba da ruwa sannan mu yi maganar gudu." Na ce to Baba. A raina kuwa ina ganin kamar yana ja min rai ne.

Tankin mai muka fara saukewa, tsatsa ce cike da wani abu kamar ƙullun ƙosai a ƙasansa. Asalin injin ba kafireto gare shi ba, famfon feshin mai ne na Kugelfischer, to zama ya sa ya daskare kuma babu wanda zai iya saita shi a kusa, sai muka ɗora kafireto na salun. Na ji zafin wannan don ƙarfinta ya ɗan ragu, amma famfon ban yar ba, na wanke na shafa masa mai na naɗe a buhu, yana ɗakina har yau. Sauƙin da Allah ya kawo shi ne injin dangin na salun ne, kuma tun 1975 aka fara harhaɗa 504 a Kaduna aka yi shekaru ana yi, saboda haka kayan inji ba sa wuya, in babu a Garwa akwai a Yola, in babu a Yola a aika Kano. Na bodi ne babu, ƙofa da fitila da gilashi duk nata daban ne.

Maganar ruwa ita ta fi cin lokacinmu kuma ita na fi so mai tsohuwar mota a yankinmu ya ji. Wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu ya san zafi na wuce digiri 40, kwalta kanta laushi take yi. Injin nan silindojinsa ba a jikin bulok aka huda su ba, kamar kofuna ne ake zurawa ruwa na zagaye su, kan injin kuma na alminiyam ne, to in ya yi zafi sau ɗaya mai tsanani sai kan ya lanƙwashe gasket ya ƙone ruwa ya haɗu da baƙin mai, shi ke nan aiki ya dawo sabo. Da aka buɗe lagireto rabin hanyoyinsa sun toshe da farin gishirin ruwan rijiya da aka yi ta zuba mata shekara da shekaru. Aka sake masa ciki, na daina zuba ruwan famfo sam, ruwan sanyaya inji na galan nake saye. Fankarta ma wata iri ce, ba kullum take kamawa ba, maganaɗisu ne ke riƙe ta in inji ya ɗau zafi, kuma wutar ta wani ɗan gawayi take bi wanda bai kai kan yatsa ba. Nata ya cinye, fanka na juyawa a ido amma ba ta jan iska. Yaran gareji suka ce a ɗaure ta kawai ta riƙa juyawa kullum, a kuma cire kalosta, wato ɗan abin nan da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, kamar yadda ake yi wa kowace mota a nan. Baba ya hana. Ya sa gawayi sabo, ya jefa kalosta a tukunyar ruwan zafi muna tsaye muna kallo har ta buɗe baki, sannan ya mayar da ita.

Mu nan arewa ba mu da filin tsere na kwalta irin na Turai, kuma ban yarda mutum ya gwada gudu a titin da 'yan makaranta da masu babur ke bi ba. Wani abokina yana da faƙo a bayan gari, fili ne mai tauri da ko ciyawa ba ta fitowa, da rani sai mu jera tsofaffin tayoyi mu fitar da kwana-kwana, mu biyar ko shida, mota ɗaya ke shiga a lokaci guda ana duba minti a waya. Ranar farko zagaye uku kawai na yi na ga abubuwan da wata shida na yawo a gari bai nuna min ba. Batir ya goce daga mazauninsa don ba a ɗaure yake ba, robar da ke riƙe salansa ta tsinke, shokazoba na baya ɗaya ya fara zubar da mai, matatar iska kuwa da na buɗe ta ja wur kamar an barbaɗa mata garin barkono. Yanzu duk ranar da za mu fita tun daren nake bin notocin taya ɗaya bayan ɗaya, in duba baƙin mai ya kai layin sama don a kwana mai tsanani yakan taru gefe guda, in kwashe duk wani abu da zai iya yawo a cikin mota, in sa hular kwano da bel, abin kashe gobara na ɗaure a ƙasan kujera. In na gama kuma ba na kashe ta nan take, sai na yi zagaye ɗaya a hankali ta huce.

Amma birki ban taɓa shi ba. Yana kamawa, faifai ne duk ƙafa huɗu, a faƙo kuma ba a daɗe ana taka shi, sai na ɗauka lafiya lau ne. Baba ya yi min maganarsa har sau biyu ina cewa sai wata mai zuwa.

Tafiyata ta farko mai nisa Ngaundere ce, wajen kilomita 270 da wani abu. Zuwa lafiya, ta hau Falez, wato dogon gangaren dutsen da ke kan hanyar, allurar zafi ko motsi ba ta yi ba, ina ta jin daɗi a raina ina cewa aikin ruwa ya yi. A dawowa ne. Wanda bai san wurin ba, Ngaundere a kan tudu take sama da mita 1000, Garwa kuwa a kwarin Binuwai, to yawancin saukar a wannan gangaren ake yinta kafin a kai Mbe, kwana bayan kwana, ga manyan motocin da ke kwasar kaya daga tashar jirgin ƙasa zuwa Njamaina suna rarrafe a gabanka. Na shigo a giya ta huɗu ƙafata a kan birki ina ɗan dannawa ina ɗan dannawa ban saki ba, don ina bayan wata tirela. Can sai na fara jin wari kamar ana ƙona fata. A kwana ta gaba na taka, wallahi feda ta tafi har ƙasa kamar na taka soso, babu komai. Salati kawai nake. Na dinga bugunta da sauri da sauri har ta ɗan kama, na tura giya ta uku inji ya yi kuka, na tura ta biyu, na riƙa jan birkin hannu kaɗan kaɗan don kar baya ya juya, bayan tirelar nan na matsowa har ina karanta rubutun jikinta. Allah ya sa akwai ɗan fili a gefen dutse, na saka ta ciki ta tsaya. Na fito ƙafafuna na rawa, ƙafar gaba ta dama hayaƙi take, ko kusa da ita ba a iya kai hannu.

Wani direban babbar mota da ke hawa ya tsaya ya leƙo, "Malam lafiya?" Na gaya masa. Ya ce kar in zuba ruwa faifan zai lanƙwashe, in bar ta ta huce da kanta, sannan ya ce "giyar da ka hau da ita da ita ake sauka, mu da muke ɗauke da tan talatin in muka dogara da birki a nan ai da babu sauranmu." Ya ba ni ruwan sha ya wuce. Bayan kamar minti 40 na taka feda sai na ji ta dawo da tauri kamar ba abin da ya faru, na lallaɓa a giya ta biyu har ƙasa.

Washegari Baba ya tsiyayo man birkin a kwalba ya ajiye kusa da sabo. Sabon kamar man gyaɗa, nawa kamar shayin da ya kwana. Ya ce man birki shan danshi yake daga iska ko mota na tafiya ko tana ajiye, in ruwa ya yi yawa a ciki da ya ɗau zafi sai ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake, shi ya sa feda ta nutse, da ya huce kuma ta dawo. Daga baya na duba, man birki samfurin DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Ga kuma fistan ɗin ƙafar dama da tsatsa ta riƙe, yana ta gugar faifai tun daga Garwa ban sani ba. Muka kwance duka huɗun, aka sake robobi da tiyo da takalman birki, duka kuɗin bai kai rabin na fenti ba. Bai ce min ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya. Yanzu duk shekara kafin zafi ya shigo nake zubar da man in sa sabo.

Taya ma a ranar na koyi karanta ta. Akwai lamba huɗu a gefe, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara. Waɗanda wani mai shago ya sayar min a matsayin sababbi ashe sun shekara 9 a ajiye, zanensu cif amma gefen duk ƙananan tsaga. Na cire su.

Sauran shirin tafiya ba wani abu mai yawa ba ne. Fanbel da fulogi da tiyo da galan ɗin ruwa da man birki suna but kullum, takardu a gaban mota, canjin sefa 500 na kuɗin hanya a aljihu. Man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin titi, in dole ta sa na saya sai an tace min da ƙyalle, kuma na ƙara matatar mai ta biyu mai haske wadda ake ganin datti a ciki. Da asuba nake tashi in huta da azahar. Ba na bin bayan babbar mota kurkusa, don in tsakuwa ta fasa gilashin gaban nan sai dai a nemo daga Faransa. Hanyar Mokolo zuwa Rumsiki kuwa ina sonta amma cikin motar ya yi ƙasa da yawa, sai na sa mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji tukuna.

Bayan ƙaramar sallah na koma Ngaundere, wannan karon da kawu a gefena, sandarsa a tsakanin ƙafafunsa. Da muka iso bakin gangaren a dawowa na sa giya ta uku tun kafin kwanar farko, inda ya yi tsanani na koma ta biyu, birki sai dai in taka sosai in saki. Na nuna masa filin da na tsaya rannan, ya daɗe yana kallon wurin bai ce komai ba. Da muka sauka na tsaya a Mbe na zagaya ƙafafun huɗu ina kai bayan hannu kusa da kowace, ɗumi kawai. Kawu ya sauke gilashi ya ce "ɗana, tun da mun tsaya sayo mana doya, kuma in mun wuce gari ka ɗan sake mata, na daɗe ban ji kukanta a giya ta huɗu ba."