Ɗan Kano da aikin jirgin ruwa

Wai ɗan Kano zai zama hafsan jirgin ruwa, mu da iyakar ruwanmu Tiga da Challawa! Amma akwai yaranmu a makarantar koyon aikin jirgin ruwa da ke Oron ta Akwa Ibom, kuma wallahi ba wasa ake ba. Kafin ka taɓa sitiyari sai ka iya ɗaurin igiya kala-kala, mai riƙewa gam amma ya kwance cikin sauƙi, ka kankare tsatsa ka shafa fenti, ga kashe gobara, ga taimakon gaggawa, ka faɗa ruwa da rigar ceto ka juyo kwale-kwalen roba in ya kife. Inda gizo ke saƙar shi ne samun jirgin da za ka yi wata 12 a teku, nan yara da yawa ke maƙalewa ba satifiket.