Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daren Bahar Maliya

A makon jiya mun tsaya a inda muka sauka Fot Sudan, ƙurar hanyar Junaina ba ta gama fita daga kunnuwanmu ba. Daga nan zuwa Sawakin kamar kilomita 60 ne ta kudu, kuma can jirgin Jidda yake tashi.

Kafin ranar, ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga, sai Nilu a Hartum. Dukansu idan ka ɗaga kai kana hango tsallake. Wannan kuwa ba shi da tsallake. Na tsaya kusa da kangayen tsohon garin, gidajen dutsen murjani da suka zube tun da Turawan Ingila suka mayar da tashar jirage Fot Sudan, ina kallo har gwiwoyina suka yi sanyi.

Abokin tafiyata mutumin Damagaram ne. Tun daga Abeshe yake cika mana baki cewa sau biyu ya keta Sahara ta Dirku zuwa Libiya, wai ba a haifi abin da zai ba shi tsoro ba. Bayan isha'i, da jirgi ya fara tangaɗi, sai ga gogan naka kwance ya rungume wani ƙarfe, yana amai yana kiran sunan mahaifiyarsa. Ban yi masa dariya ba, don ni ma hanjina a wuya yake.

Can cikin dare na lallaɓa na hau sama. Mutane ɗaruruwa a jirgin nan, sai ka tsallake wani kafin ka taka ƙasa, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na daren ba. Babu wanda ya san sunan ubana. Na leƙa ruwan, baƙi ƙirin, na ce a raina in na faɗa yanzu, Inna za ta shekara goma a Gumel tana cewa Allah Ya shirya yaron nan, ya samu wuri ya manta da ita. Wannan tunanin ya fi mutuwar kanta tayar mini da hankali.

"Kai ɗan nan, matso daga bakin ƙarfen."

Da Hausa aka faɗa. Wata tsohuwa ce a kan tabarma, naɗe da tobi irin na matan Sudan. 'Yar Maiwurno ce, garin da ke bakin Shuɗin Nilu. Kakanta yana cikin waɗanda suka bi ɗan Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas bayan yaƙin Burmi a 1903. Ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausarta irin ta kakata ce, sai dai Larabci na faɗo mata a tsakani. Ta yanka lemon tsami ta miƙo mini.

Na ce, "Iya, ke ba kya jin tsoro?"

Ta ce, "Wa ya gaya maka? Karo na uku ke nan, kuma kullum sai cikina ya ɗuri ruwa. Ungo, kai wa ɗan'uwanka rabi."

Sai a lokacin na lura hannunta na rawa. Haka ta kwana tana yanka lemo tana aike na wurin masu jiri, har na san rabin mutanen jirgin, na kuma shiga gardamar masu cewa a ɗaura harami a ruwa da masu cewa sai Jidda.

Da gari ya waye muka hango gine-ginen Jidda. Mutumin Damagaram ya wanke fuska, ya gyara hula, ya fara ba wasu 'yan Chadi labarin yadda ya kwana yana kwantar wa mutane da hankali. Iya ta bi layin mata, ko sunanta ban tambaya ba. Ni kuma da na shafa aljihun da na ɗinke fasfona a ciki, sai na ji zaren ya warware.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.